Amfilifaya mai EL84 biyu: bawul ɗaya yana yin ja, ga gurnani a sifika

Sabon_Maƙeri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a aikin bawul, wato kwan gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti na tsofaffin rediyo. Na haɗa amfilifaya irin ta fush-ful (bawul biyu suna karɓa-karɓa, ɗaya na turawa ɗaya na ja) da bawul EL84 biyu, da bawul ECC83 ɗaya a gaba. Rabin ECC83 na farko yana ƙara ƙarfin sauti, rabi na biyu yana raba shi gida biyu da haɗin katodain.

Taransifomar wuta naɗin gida ce, 260-0-260 da 6.3 volt na hita (zaren da ke ɗuma bawul), an naɗa ta don 230. Dayod 1N4007 ɗaya a kowane hannu, sai kafasito 47µF mai 400 volt, daga nan kai tsaye zuwa tsakiyar taransifomar sauti. Bayansa rezisto 1k da 47µF don sikirin, sai 22k da 22µF don ECC83. Katod ɗin EL84 biyun a haɗe suke a kan rezisto ɗaya, ohm 130. Kowane girid yana da 470k zuwa giraun. Kafasitocin da ke kai sauti girid 0.047µF ne, na wata tsohuwar rediyo. Taransifomar sauti ita ma naɗin gida ce, 8k zuwa ohm 8.

Abin da mita DT830 ta nuna: soket 240, B+ (babbar wutar DC da ke ciyar da bawul) 352, katod 13.2, hita 6.7. A ƙafa ta 2 (girid, inda sauti ke shiga) ta bawul na hagu sifili, a ta na dama +1.3 volt.

Matsalolin uku ne. Bayan 'yan mintuna farantin (anod ɗin) bawul na dama yana yin ja. Akwai gurnani ko an rufe balum gaba ɗaya, kuma yana ƙaruwa idan na'urar ta yi zafi. Sannan da na jona wayar fidbak (mai mayar da ɗan sauti daga mafita zuwa gaba) sai sifika ta ɗauki fito mai tsananin ƙara. Ta ina zan fara? Shin bawul ɗin ne ya lalace?

Baba_Mai_Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sake barinta a kunne har farantin ya yi ja. Duk jan da ya yi yana rage wa bawul kwana, kuma taransifomar sautinka tana shan wannan karant ɗin tare da shi.

Kafin hannunka ya sake shiga ciki: ban ga rezistan sauke caji a lissafinka ba. Kafasitocinka na B+ sun kai wajen 116µF idan aka haɗa, kuma a volt 350 wannan caji yana iya kashe mutum ko an zare filogi. Sa 100k guda biyu a jere, kowanne mai wat 2, daga kan kafasito na farko zuwa giraun. Na ce biyu a jere ne saboda rezisto ma yana da iyakar volt ɗin da yake ɗauka, ƙananan da yawa 350 ce iyakarsu. Da wannan, cajin zai ɗauki kusan minti biyu kafin ya sauka, don haka sai ka auna ka ga ƙasa da volt 10 sannan ka taɓa. Don saukewa da sauri, haɗa rezisto 10k mai wat 5 da waya mai kauri da bakin kada a rufe da roba, ka kama giraun tukuna sannan ka taɓa kan kafasito. Kada ka yi da sukundireba, tartsatsin yana lalata kafasito. Ka bar wayar a maƙale muddin kana aiki, domin kafasito yakan sake tara 'yan volt da kansa bayan an sauke shi, amma ka cire ta kafin ka kunna. Idan za ka yi awo wuta na ciki, ka maƙala baƙar wayar mita a giraun da bakin kada tun na'urar na kashe, hannu ɗaya ya riƙe jar waya, ɗayan a aljihu, takalmin roba a ƙafa, kuma a sami wani a kusa wanda ya san inda ake kashe wuta.

Yanzu ga ciwon. Awonka ya riga ya faɗe shi: +1.3 a girid. A bayas na katod, wato inda rezistan katod ke saita yawan karant ɗin da bawul ke ja, girid ya kamata ya zauna a sifili, ko 'yan milibolt kaɗan. Kuma ainihin abin da ke wurin ya fi 1.3, domin DT830 megohm 1 ce kawai a bakinta. Idan ta hau kan 470k, su biyun sun zama kamar 320k, sai awon ya faɗi. Idan ka cire mita, girid ɗin yana wajen +1.9.

Yi lissafin da kanka. Volt 13.2 a kan ohm 130 ya ba da kusan 100mA, na bawul biyu. EL84 tana canja karant da wajen 11mA a kowane volt ɗaya na girid, to volt biyu ɗin nan ya sa na dama yana jan wajen 60mA, na hagu wajen 40. Cire rabon sikirin, farantin na dama yana ɗauke da kamar 54mA a volt 335, wato wat 18. Iyakar EL84 wat 12 ce. Ga jan da kake gani. Rezistan katod na tarayya yana ƙara dagula abin: idan ɗaya ya ja da yawa, volt ɗin katod ya tashi, sai ya danne ɗan'uwansa, bambancin ya ƙara faɗi.

Daga ina +1.9 ya fito? Mafi yawanci daga kafasiton haɗi mai yoyo. A katodain, ɗaya yana rataye a anod inda akwai volt 200 da wani abu, ɗayan a katod inda volt ɗin bai kai rabin haka ba. Duba ka gani, ina kyautata zaton bawul na dama shi ne na ɓangaren anod. Karant ɗin da ake buƙata don a sami 1.9 a kan 470k maikro'amfiya 4 ne kacal, wato yoyon kusan megohm 60. Mita ba za ta nuna maka wannan ba idan ka auna kafasiton a hannu, domin da ɗan volt kaɗan take gwaji, shi kuwa yoyon sai da babbar wuta da zafi yake bayyana. Shi ya sa abin ke ƙaruwa bayan mintuna. Tsofaffin kafasitocin takarda suna shan laima, kusan duk sun zama haka. Cire duka biyun ka sa sababbi na folifurofilin, 0.047µF masu 630 volt.

Gurnanin ma rabinsa daga nan yake. Ka ciyar da taransifomar sauti daga kafasito na farko, inda igiyar 100Hz ta kai wajen volt 20. Fush-ful tana soke wannan igiyar ne kawai idan bawul biyun suna jan karant daidai. Da 60 da 40, sokewar ta lalace. Gyara girid, za ka ji gurnanin ya ragu tun kafin ka taɓa wani abu.

Malama_Lantarki ta rubuta:

Baba ya kama bakin zaren. Zan ƙara a kan wutar, domin ko an canja kafasitocin, wannan na'ura tana da zafi fiye da kima.

Ohm 130 na tarayya adadi ne da ke takardar bayanin EL84 don volt 300 a anod da sikirin, inda kowane bawul ke jan 36mA a faranti da 4mA a sikirin. Kai kana da 352. Ko bawul na hagu, wanda lafiyarsa ƙalau, yana bakin wat 12. Abin da ya jawo haka shi ne zanen da ke da 260-0-260 galibi don bawul mai gyara wuta ne irin EZ81, wadda ke cin volt masu yawa a cikinta. Dayod na silikon bai cin ko volt ɗaya cikakke. Ƙara da cewa soket ɗinka 240 ne, sai 260 ta koma 271, ƙololuwarta 384.

Wannan 384 ɗin abin dubawa ne. Dayod yana kawo B+ nan take, bawul kuwa sai ya yi daƙiƙa goma zuwa ashirin kafin ya fara jan karant. A wannan tsakanin duk kafasitocinka uku suna ganin 384, har da na ECC83, saboda babu karant da zai sa volt ya faɗi a kan 22k. Ranar da wutar gari ta kai 250, sun taɓa 400. Masu 400 ba su da sarari. Sa masu 450 duka. Idan babu, jera 100µF masu 350 guda biyu, kowanne da 220k a kansa don su raba volt daidai. Sun zama 50µF kenan, kuma rezistocin sun yi aikin sauke caji.

Dayod ma haka. A taransifoma mai tsakiya, kowane dayod yana ganin ninki biyu na ƙololuwa a baya, wato kusan 770, ya kai 800 idan wuta ta hau. 1N4007 volt 1000 ce, kuma tsallen wuta lokacin da aka dawo da ita yana iya cinye ragowar. Jera biyu a kowane hannu. UF4007 ta fi, domin tana rufewa da sauri, ba ta barin ƙaramin tsartuwar da ke shiga hita ta fito kamar zizar ƙuda.

Ga yadda zan sake jera wutar. Dayod, 47µF, sai rezisto ohm 470 mai wat 10, sai wani 47µF, kuma daga wannan na biyun ne taransifomar sauti za ta sha. Sauran 1k da 22k su biyo baya yadda suke. A karant 75mA rezistan zai ci volt 35, B+ ya dawo wajen 320 zuwa 325. Zai yi zafin kusan wat 3, don haka a ɗaga shi daga jikin kafasito, a bar masa iska. Riba ta biyu ita ce igiya: a 100Hz kafasito 47µF kamar ohm 34 yake, to igiyar kafasiton farko, wadda a 75mA ta sauko zuwa volt 16, za ta koma wajen volt 1. Asararsa ita ce idan ka buɗe sauti sosai B+ zai ɗan sunkuya, ƙarfin ya tsaya wajen wat 12 zuwa 13. A ɗaki wannan ya isa. Cok (naɗin waya a kan ƙarfe) mai henri 5 zuwa 10 ya fi tace igiya, amma ba ya rage volt sosai, kai kuwa ragewar kake nema.

Raba katod ɗin. Kowane bawul ya sami ohm 330 mai wat 2 da kafasito 100µF mai 50 volt a kansa. Za ka ga kamar volt 11.5, wato 35mA, faranti ya tsaya ƙasa da wat 10. Da wannan kowanne yana gyara kansa, kuma awo ya yi sauƙi: volt ɗin ƙafa ta 3 raba 330, ka san karant ɗin kowanne ba tare da kai mita kan anod ba. Idan bambancinsu bai wuce 3mA ba, sun dace.

Kunnawar farko bayan gyara a yi ta ta cikin kwan fitila. Kwai mai zare na wat 60 ko 100, a jere da wayar layif. Ya yi haske sau ɗaya ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske sosai, akwai shot, kashe. LED da mai tanadin wuta ba sa wannan aikin. Volt ɗin da za ka gani ta cikin kwan zai yi ƙasa, kada ka saita bayas da shi. Fiyus mai jinkiri na amfiya 1 a firamare, a kan layif kafin makunni.

Mai_Naɗi ya rubuta:

Fiton nan, ɗan'uwa, kusan tabbas fidbak ɗinka ya juya. Maimakon ya rage ƙarfi yana ƙarawa, sai amfilifaya ta zama osileta, mai ƙirƙirar sauti da kanta. Kashe, sauke caji, ka musanya wayoyin firamare biyu da ke zuwa ƙafa ta 7 ta kowane EL84. Idan taransifomar tana da tsagin sikirin na ultra-liniya, kowane tsagi ya bi wayar anod ta ɓangarensa, kada a raba su. Alamar an dace ita ce da ka jona fidbak sauti zai ragu, gurnani ma ya ragu. Yi gwajin da rezisto ohm 8 mai wat 25 a madadin sifika da mita a kansa, don kada fiton ya ƙona maka koyil. Kada ka taɓa kunna amfilifayar bawul babu komai a sakandare. Idan sauti ya shiga babu lodi, firamare tana harba volt da ya fi dubu, ya huda rufin waya ko ya ƙona soket tsakanin ƙafafu, kuma taransifoma ba ta warkewa daga wannan sai sabon naɗi.

Tunda naɗin gida ce, tabbatar da ita kafin ka dogara da ita. 8k zuwa 8 yana nufin rabon zagaye 31.6 zuwa 1. Cire ta daga da'ira, ba sakandare AC 6.3, ka auna firamare: wajen volt 200 daga ƙarshe zuwa ƙarshe, 100 a kowane rabi. Wannan 200 ɗin yana kamu, yi da bakin kada. Rabi biyun su yi daidai cikin kashi 1 ko 2 bisa ɗari. A awon ohm kuwa kada bambanci ya tsorata ka, rabin da ke waje zagayensa ya fi tsawo, yana iya fin na ciki da kashi 10 ko fiye alhali zagayen daidai suke.

Tambayi wanda ya naɗa ta yadda ya jera. Yawancin masu naɗi sun saba da taransifomar sitabilaiza da inbata: firamare duka a ƙasa, sakandare duka a sama. A 50Hz hakan ba laifi. A sauti kuwa yana barin maganaɗisu mai yawa yana zuba tsakanin naɗin biyu, sautin sama ya dushe, kuma fes (daidaiton lokacin igiyar sauti) ya juya tun bai yi nisa da abin da kunne ke ji ba. Mafi ƙarancin abin da ake so shi ne rabin firamare, sakandare, sannan ɗaya rabin, da takardar rufi mai kyau a tsakani. Ƙarfen E da I a saƙa su bi da bi, babu giɓin iska, tunda fush-ful ce. Wannan ma dalili ne na daidaita karant: 20mA na bambanci yana cusa ƙarfe marar giɓi cikin ƙoshi, bes ya dagule.

Da taransifoma irin wannan kada ka kwaikwayi yawan fidbak na zanen Mullard 5-10 na 1954. Shi ma EL84 biyu ne, amma an yi shi ne don taransifoma mai naɗi hawa-hawa. Fara da 6dB, wato volt ɗin da ke kan lodi ya dawo rabi idan ka jona. Sa sautin 1kHz daga waya, saita ya ba da volt 2 babu fidbak, ka zaɓi rezistan da zai mai da shi volt 1. Idan ta zauna lafiya, gwada 10dB, kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan ka ji fat-fat-fat a hankali maimakon fito, wannan sautin ƙasa ne yake kaɗawa: rage fidbak, ko ka rage kafasitocin haɗi zuwa 0.022µF, ka kuma duba 22µF na ECC83.

Gargaɗi ga duk mai karantawa: kada a ɗauko taransifomar maikurowef don aikin nan. Tana ba da wajen volt 2000 da karant mai kisa nan take.

Injiniyan_Benci ya rubuta:

Baba, da izininka, kada a yanke wa kafasito hukunci kafin a gwada bawul ɗin. Bawul mai iska a ciki, ko wanda girid ɗinsa ya ƙazantu, shi ma yana ɗaga girid sama da sifili, kuma shi ma sai ya yi zafi yake yi. Wanda ya riga ya yi ja sau da yawa yana iya kamuwa da wannan ko da kafasito ne ya fara jawo masa.

Gwaji biyu ne. Musanya bawul biyun: idan + ɗin ya bi bawul, bawul ne, idan ya tsaya a soket, kafasito ne. Ko kuma a zare EL84 biyun a bar ECC83, a kunna, a auna ƙafa ta 2 a soket. Duk volt ɗin da ya rage na yoyo ne. Sai dai wannan na biyun a yi shi bayan an sa masu 450, domin babu lodi B+ zai zauna a 384.

Duba soket ɗin kuma. A EL84 ƙafa ta 2 girid, 3 katod, 4 da 5 hita, 7 anod, 9 sikirin. Kada a mai da 1, 6 ko 8 wurin rataye kaya, wasu kamfanoni suna haɗa su da wani abu a ciki. Ƙurar dalma ko man dalma da ya ƙone a jikin soket yana iya yoyo, a goge da sifirit.

Ban ga rezistan girid da na sikirin a jerinka ba. EL84 tana da saurin kaɗawa a mitar da kunne ba ya ji, kuma wannan kaɗai yana iya sa faranti ja. Sa 4.7k a jikin ƙafa ta 2, gajeriyar ƙafa, da ohm 220 mai wat 1 a ƙafa ta 9. Idan babu osiloskof, alamarta ita ce volt ɗin katod yana motsi idan ka kusanto da sandar roba ka ture wayar anod, ko rediyon AM da ke kusa ya ɗauki fito. Wayoyin anod su yi nesa da girid ɗin ECC83.

Idan bawul ɗin ya tafi, 6BQ5 sunansa ne na Amurka, abu ɗaya ne. 6P14P ta Rasha ma tana shiga soket ɗin. Sayi biyu da aka auna tare.

Sabon_Maƙeri ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba da sauran malamai. Da na musanya bawul, + ɗin ya tsaya a soket na dama, kuma shi ne na ɓangaren anod. Na sa sababbin kafasitoci, ohm 470, masu 450, dayod bibbiyu, 330 a kowane katod da rezistocin girid da sikirin. Yanzu B+ 323, katod 11.3 da 11.8, girid duka sifili, babu ja. Musanya wayoyin anod ya kashe fiton, fidbak na kan 6dB.

Saura gurnani kaɗan mai kauri. Manhajar awon sauti a waya ta nuna 50Hz, da ɗan 150. Balum ba ya canja shi. Idan na zare ECC83 ya ragu sosai amma bai ɓace ba. Ƙafa ɗaya ta hitar na kai ta shasi, wato jikin ƙarfen na'urar. A janareto kuma akwai ziza. Me ya rage?

Baba_Mai_Rediyo ya rubuta:

Madalla. 11.3 da 11.8 sun ba da 34 da 36mA, sun dace.

Tunda 50Hz ne, ba daga tace B+ yake ba, wancan 100 yake bayarwa. Hita ce ko maganaɗisu. Ka kuma faɗi dalilin da bakinka: ƙafa ɗaya a shasi. Hakan yana sa ɗaya wayar tana lilo da cikakken 6.7 kusa da girid, shasin kuma yana ɗauke da karant ɗin hita kusan amfiya 2. Cire wannan haɗin. Ja wayoyi biyu a murɗe da kyau, su kwanta a kusurwar shasi, su fara zuwa EL84 sannan ECC83 a ƙarshe. A ECC83 ƙafa ta 4 da 5 a haɗe su ne hannu ɗaya, 9 ɗaya hannun, kuma wayar ta shigo ta gefen 4 da 5 ta tsallaka zuwa 9, kada ta zagaye soket ta wuce ta gaban girid a 2 da 7. Sa ohm 100 daga kowane hannu, ka haɗa bakinsu. Wannan mahaɗar za ta iya zuwa giraun, amma ya fi kyau ka kai ta katod ɗin EL84 ɗaya, hita ta hau volt 11. Idan da saura, yi mata volt 40 zuwa 50 daga B+: 270k mai wat 2 a sama, 47k a ƙasa da 22µF mai 100 volt a kansa. Ɗaga hita sama da katod ɗin rabin farko yana toshe ɗan karant ɗin da ke tsallakawa daga hita zuwa katod, kuma yana rage tazarar da ke tsakaninta da katod ɗin katodain. Idan naɗin hitar yana da wayar tsakiya, yi amfani da ita ko rezistocin, ɗaya daga ciki, ka rufe ɗayan.

6.7 ya ɗan yi yawa, ranar da wuta ta kai 250 zai taɓa 7. Karant ɗinka 0.76 sau biyu da 0.3, wato amfiya 1.82. Ohm 0.1 mai wat 3 a kowane hannu zai ci 0.36, ka dawo 6.3 da ɗan kai.

Ragowar da ba ta ɓace ba bayan zare ECC83, gwada ta haka: zare bawul duka, kunna, sa kunne a sifika. Idan gurnanin ya zo nan take, taransifomar wuta ce ke watsa wa ta sauti maganaɗisu. Naɗin da aka yi wa zagaye kaɗan yana yin haka a 240, kuma 150Hz ɗin da ka gani yakan fito daga ƙarfen da ya kusa ƙoshi. Kashe, sauke caji, kwance wayoyin firamare na taransifomar sauti ka rufe bakinsu, cire wayoyin 260 daga dayod ka rufe kowace daban. Jona iyafis a sakandaren ta sauti, kunna ta wuta ita kaɗai, ka juya ta sautin a kan shasi har ka sami inda ya fi shiru. Galibi ƙarfensu zai kasance a gicciye, da tazarar yatsu huɗu ko fiye. Shasin alminiyam ya fi na ƙarfe a nan, domin ba ya ɗaukar maganaɗisu daga wannan zuwa wancan.

Giraun kuma: wayar tsakiyar 260-0-260 ta tafi kai tsaye ƙafar − ta kafasito na farko, domin a wannan 'yar wayar karant ɗin caji yake bugawa da ƙarfi, kada kowa ya raba ta da su. Daga nan waya mai kauri ta bi − na biyu inda katod ɗin EL84 ke sauka, ta wuce − na ECC83, ta taɓa shasi a wuri ɗaya tak kusa da jak ɗin shigar sauti. Giraun na sakandaren sifika ya koma inda rezistan fidbak ke sauka. Wayar atin ta filogi kuwa ta sami nata ƙusa da wasa mai haƙora kusa da mashigar wuta, ba ta tarayya da komai, kuma ba a cire ta don maganin gurnani. Soket da yawa a gidajenmu ramin atin ɗinsu babu waya a bayansa. Auna tsakanin layif da atin, ya kamata ka ga kusan abin da ke tsakanin layif da nutural. Idan babu, a kira mai wayarin ya kafa sandar atin, a sa RCD (makunnin da ke yanke wuta idan karant ya zurare) mai 30mA a layin bencin.

Zizar janareto daga gurɓatacciyar igiyarsa ce, ƙananan janareto da inbata mai igiya murabba'i duk suna yi, kuma inbatar tana sa taransifomar wuta zafi da kuka. Matatar EMI (mai tace hayaniyar wuta) irin wadda ke haɗe da soket na IEC tana rage ta sama. Abin da ya fi zizar haɗari shi ne hawan volt idan aka kashe wani babban lodi kamar firji ko famfo. Auna janareton da lodi da babu lodi. Idan yana wuce 250, kada ka jona amfilifayar sai ta bayan sitabilaiza, ka kuma sa baristo (mai shanye tsallen volt) mai 275 volt AC tsakanin layif da nutural a bayan fiyus. Bayan gyaran hita, sa lodin ohm 8, rufe balum, ka auna AC a kansa da mita mai sikelin milibolt, DT830 ba ta gani a nan. Ƙasa da milibolt 2 ya yi kyau a sifika ta gida. Kawo mana adadin tare da volt ɗin ƙafa ta 1, 3, 6 da 8 na ECC83, mu duba ko katodain ɗin yana zaune daidai kafin ka ƙara fidbak zuwa 10dB.